Darasi na 9: Jinyar Kazar da Ta Rasa Ƙafa

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin abubuwan da ke guntule ƙafar kaza a gidajenmu;
2. tsayar da jini da wanke rauni da abin da ke cikin gida;
3. gane ƙafar da ta mutu da wadda ake iya cetowa;
4. shirya makwanci da abinci yadda ƙafar da ta rage ba za ta lalace ba;
5. yanke shawarar ko a ci gaba da jinya ko a yanka.

1. Me ke cin ƙafar kaza?

Wanda ya bi lungunan Kawo, Unguwar Dosa, Badarawa, Unguwar Shanu ko Hayin Banki da hantsi zai ga kaji suna tono a bakin kwata da kan bola. Yawancinsu na matan gida ne da yara. Ana sakinsu da safe, su dawo da kansu gab da magariba. Idan ya lura da kyau zai ga wata tana ɗingishi, wata babu yatsa ɗaya, jefi-jefi kuma ga mai tsalle da ƙafa ɗaya.

A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, kamar Kanada da arewacin Amurka, sanyi ne ke kashe yatsun kaji. Mu a Kaduna hunturunmu bai kai nan ba. Namu ɓarawon ƙafar siriri ne, ba ya ƙara, ba ya zubar da jini: zare. Zaren tela, zaren buhu, ulun kitso da gashin doki da aka share aka zuba a bola. Kaza tana tono sai zaren ya nannaɗe yatsa ko ƙwauri. Kullum ta yi tono yana ƙara ɗaurewa, har ya nutse cikin fata ya datse hanyar jini. Uwar ɗakinta ba ta ankara sai ta ga ƙafa ta yi baƙi.

Na biyu ɗauri ne. An sayo kaza ranar Talata a kasuwar Kawo, an haɗe ƙafafunta da tsumma ko leda, an iso gida an ajiye ta a haka har gobe. Ko kuma baƙuwar kaza ce aka ɗaure ta da igiya a gindin bishiya don ta saba da gida, tana fizga igiya tana ci. Sauran sanannu ne: tarkon ɓera, tayar babur ko Keke Napep, kare, muzuru, gafiyar da ke cizon yatsun 'yan tsaki da dare, da jifan yara.

> AKWATIN KALMOMI NA 1
> Ɗingishi: tafiyar da ake sassauta wa ƙafa ɗaya nauyi saboda ciwo.
> Dungu: guntun ƙafar da ya rage bayan sauran ya fita.
> Mutuwar nama: halin da gaɓa ke shiga idan jini ya daina kai mata, takan yi sanyi, ta yi baƙi.
> Mugunya: ruwan ciwo mai kauri da ke nuna ƙwayoyin cuta sun shiga rauni. Na kaza ba ya tsiyaya kamar na mutum, daskarewa yake kamar cuku.

Ba kowace gurguwar kaza ce ta ji rauni ba. Idan kun duba babu ciwo, babu zare, babu karaya, to ku yi zargin cuta. Akwai wadda ke kama ƙananan kaji, ta miƙe ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Likitoci suna kiranta cutar Marek. Akwai annobar da ke share akurki lokacin hunturu, mai sa koren kashi da murɗewar wuya, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos take yin maganin rigakafinta. Kuma a jiharmu ce, a wata gona da ke Jaji, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, cikin Fabrairun 2006. Saboda haka idan kaji biyu ko uku suka faɗi a tare, ko suka mutu farat ɗaya, ba maganar wannan darasi ba ce. Kada a yanka, kada a ci, kada yara su taɓa. A sanar da jami'in lafiyar dabbobi.

2. Sa'ar farko

Jinin da ke jikin kazar gida mai nauyin kilo ɗaya da rabi bai cika rabin kwalbar lemo ba. Abin da mu za mu kira ɗan jini, a wurinta mai yawa ne. Don haka tsayar da jini shi ne farko.

Ku lulluɓe ta da tsohon zane har kai, domin duhu yana kwantar da kaza. Ku danne raunin da tsumma mai tsabta, ku riƙe minti biyar cur ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Idan farce ne ko kan yatsa, ɗan garin masara ko sitaci yana taimaka wa jini ya daskare. Kada a ɗaure ƙafa tamau da roba a bar ta. Wannan shi ne ciwon zaren nan da muka ambata, sai dai da hannunku kuka yi shi.

Bayan jini ya tsaya sai wanki da ruwan gishiri. Sannan a shafa aidin ko shuɗin maganin nan da ake kira GV. Shuɗin yana da wani amfani na daban: kaji suna son jan abu, da sun ga jini sai su yi ta sara, ko da a jikin uwarsu ne. Shuɗi yana ɓoye jan.

Misali na 1: haɗa ruwan gishiri. Ana so gishiri kimanin giram 9 a lita ɗaya ta ruwa. Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce. Rabin 9 shi ne 4 da rabi, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tsiri ba. Ke nan: leda ɗaya, cokali ɗaya. Idan ruwan rijiya ne ko na 'yan garuwa, a tafasa shi, a bari ya huce. A haɗa sabo kowace rana.

Ga abin da ba a sawa, ko wa ya ce an gwada an dace: baƙin man inji, kananzir, garin batir, kashin shanu. Ƙona naman suke, ko su ƙara masa cuta. Haka kuma kada a ba kaza maganin ciwon jiki na mutane. Wanda ake kira diclofenac shi ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya, waɗanda suka riƙa cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa, har gwamnatin ƙasar ta hana ba dabbobi shi a 2006. Ƙodar tsuntsu ba ta ɗaukarsa.

Kafson nan ja da rawaya da ake fasawa a zuba a kaskon ruwa, shi ma ba a ba da shi da ka. Idan likita ya rubuta magani, ku tambaye shi kwana nawa za a daina cin ƙwai da naman kazar, domin maganin yana zama a jikinta bayan an daina ba ta.

A ƙarshe a sa ta a kwali ko kwando, ita kaɗai, a wuri mai ɗumi da babu hayaniya, ga ruwa a kusa da bakinta. Zafin jikin kaza ya kai digiri 41, kuma wadda ta zubar da jini ba ta iya riƙe shi, balle a daren Disamba ko Janairu. Amma ba cikin ɗakin kwana ba, ba kusa da murhun girki ba. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu.

3. Ƙafar nan tana da rai?

Idan zare ne, a jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, a sa tsinin allura a ɗago zaren, a yanke shi da sabuwar reza. A bi a hankali a cire duka, domin sili ɗaya na gashin doki ya isa ya ƙarasa ɓarnar. Yatsan da har yanzu yake da ɗumi, kuma kazar ta janye shi idan aka mintsina, akwai sa rai.

Wanda ya yi sanyi, ya yi baƙi, ya bushe kamar kara, ya mutu. Ba ya dawowa. Sau da yawa jiki da kansa yakan shata iyaka tsakanin mai rai da matacce, bayan 'yan makonni busasshen ya faɗi, ya bar dungu. Aikinku a nan wanki ne da tsaro daga ƙuda, ba yanka ba. Mai kamun wuƙa ko almakashi ya datse ƙafar kaza tana raye ya azabtar da ita, kuma ya buɗe ƙashi ga cuta.

Mai haɗarin shi ne ruɓa mai danshi: wari, kumburi yana hawa sama zuwa cinya, kaza ta yi zugum ta ƙi ci. Wannan, ko ƙashin da ya fito waje, na likita ne a ranar. Akwai asibitin dabbobi na gwamnatin jiha da masu zaman kansu a cikin gari. Kwalejin koyon aikin gona da kiwon dabbobi da ke kan hanyar Mando, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tana horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi, kuma jami'ar tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Zariya. Na san wani zai yi dariya ya ce kuɗin mota ma ya kusa kuɗin kazar. Gaskiyarsa. Shi ya sa muka ajiye sashe na 6.

Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, babban abokin gaba ƙuda ne. Ƙwan da ya saka a rauni yana zama tsutsa cikin kwana ɗaya. A rufe kwandon da guntun tsohon gidan sauro, a duba dungun safe da yamma.

4. Jarin da ya rage

Dungu yakan warke. Fatar kaza tana da saurin haɗewa, abin har yana ba da mamaki. Inda mutane ke yin sake shi ne bayan nan: hankali duk yana kan ƙafar da ta tafi, alhali wadda ta rage ce take ɗauke da rayuwar kazar. Nauyin da ƙafa biyu ke rabawa yanzu yana kan tafi ɗaya, yini guda, kullum. Ranar da wannan tafi ya yi ciwo, kaza ta kwanta ke nan.

> AKWATIN KALMOMI NA 2
> Ƙurjin tafi: kumburi a tsakiyar tafin ƙafa mai baƙin ɓawo a kai, yawan nauyi, dandamali mai tauri da danshi ke jawo shi.
> Ƙashin ƙirji: dogon ƙashin da ke tsakiyar ƙirjin kaza, da shi ake gane rama ko ƙiba.
> Shimfiɗa: busasshen abu mai laushi da ake zubawa a ƙasan akurki.
> Lilo: zanen da aka ɗaure a bakin kwando, kaza ta zauna a kai ƙafarta na taɓa ƙasa.

Tsakar gidajenmu yawanci siminti ne, kuma siminti ba ya tausayin tafi. A zuba mata shimfiɗa mai kaurin faɗin tafin hannu. Ɓawon katako na wurin kafinta yana da kyau, ba garin mai laushi ba, wanda ke shiga hanci. Ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa ma sun yi. Sharaɗi ɗaya ne, ta zauna a bushe. Gurguwar kaza ta fi sauran kwanciya, idan shimfiɗa ta jiƙe da kashi sai ƙirjinta ya saluɓe.

Kaji a sama suke kwana, kan reshe, kan katanga ko sandar akurki. Ita wannan ba za ta hau ba, idan ma ta hau dirowa ce matsala. A ƙasa za ta kwana, inda gafiya da muzuru da kwarkwasa suke. Ke nan kwandonta yana buƙatar murfi mai nauyi, a kuma ɗora shi kan bulo.

Akwai ƙananan ayyuka da kaza ke yi da ƙafa waɗanda ba ma kula da su sai ta rasa. Da ƙafa take sosa kai da wuya. Mai ƙafa ɗaya ba ta da ta tsayawa idan ta ɗaga ta susa, sai ƙwarƙwata ta taru a kanta. Da ƙafa take watsa ƙura a jiki lokacin birgima. Ku zuba mata busasshen rairayi da ɗan toka a tsohuwar tasa, ku ajiye ta a ciki da hantsi, ku riƙa buɗa gashin kai da ƙarƙashin fiffike kuna dubawa. Tono ne ke cinye faratanta. Ba tono, sai su yi zaƙo-zaƙo su karkatar da yatsa. A datse tsinin kaɗai, kada a kai ga jijiya.

Misali na 2: yin lilo. A ce wata uwargida ce a Malali, kazarta ta rasa ƙafar hagu daga gwiwa, kwana uku tana faɗuwa gefe. Sai ta ɗauki kwandon roba, ta shimfiɗa tsohuwar riga a bakinsa ta ɗaure kewaye. Ta huda rigar wuri uku: biyu na ƙafa da dungu, ɗaya a baya na kashi. Ta sassauta rigar yadda tafin zai taɓa gindin kwando ba tare da ya ɗauki nauyin duka ba. Ta ɗaura gwangwani biyu a gaba, na ruwa da na tsaba. Ɗanta ya ce, "Umma, a nan za ta zauna kullum?" Ta ce, "A'a, ɗan nan, sa'a ɗaya ko biyu, sai mu sauke ta ta koyi tsalle. Idan ta daɗe a ciki ƙafar ma sai ta sage." Uwargidan ta yi daidai. Lilo na hutu ne da cin abinci.

Kuna iya ganin hotunan kaji masu ƙafar roba a waya. Ana yi, wasu kuma suna dacewa. Amma abin da ba a auna shi daidai ba gurje dungu yake, ya mayar da warkakken wuri sabon ciwo. Ɗan auduga da bandeji da ake canzawa kullum sun fi gorar da aka cusa wa kaza. Kazar gida mai ƙaramin jiki takan koyi tsalle tana taimakawa da fiffike, babu komai a dungun.

Kada a mayar da ita cikin 'yan'uwanta kai tsaye. Kaji ba su san zumunci ba a gaban kasko. Mai rauni ce ƙarshe a ci, farko a sara. A fara da raga a tsakani, suna ganin juna. In an sami wata mai sanyin hali a haɗa su, domin kaza ba ta son kaɗaici. Zakara kuwa a raba ta da shi ɗungurum, ba za ta iya ɗaukar nauyinsa ba. Za ta ci gaba da ƙwai ba zakara, na ci ne dai, ba ya ƙyanƙyashewa.

5. Abinci: ba yunwa, ba ƙiba

Kazar da ke yawo tana tsintar ƙwari, ganye da tsakuwa da kanta. Gurguwar kuwa, duk abin da za ta ci daga hannunku ne. Babbar kaza tana cin kimanin giram 100 zuwa 120 a rana, wato wajen cikin gwangwanin madara ɗaya, tana shan ruwa kusan ninki biyu na haka. Dusa da tsaba kaɗai ba su isa gina sabuwar fata ba. A haɗa da gara, ganyen zogale, ko abincin kaji na kanti, da dakakken ɓawon ƙwai idan tana saka. A ajiye mata ƙananan tsakuwa, da su ƙundu ke niƙa hatsi.

Tausayi yana sa a yi ta tura mata ragowar tuwo da shinkafa. Kowane giram da ta ƙara, kan tafin nan ɗaya zai sauka. A shafa ƙirjinta duk mako: idan ƙashin ya fito kamar bakin wuƙa ta rame, idan an neme shi an rasa ta yi ƙiba.

Misali na 3: awo. Kaza tana da giram 1,200 ranar da ta ji rauni. Bayan mako biyu ta koma 1,050. Ta rasa 150. Kashi ɗaya cikin goma na 1,200 shi ne 120. Abin da ta rasa ya wuce haka, alamar jinya ba ta tafiya daidai.

6. A riƙe ko a yanka?

Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Ba kuma kowace gurguwa ce wuƙa ta dace da ita ba. Kazar ce za ta ba ku amsa. Tana ci da kanta? Tana gyara gashinta da baki? Tana iya kai kanta inuwa da wurin ruwa? Nauyinta ya tsaya? Idan amsar i ce, tana iya shekaru a gidanku tana ƙwai.

Irin kazar ma abin dubawa ne. Ta gida, mai kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ita ta fi jurewa. Buroila tana wuce kilo biyu kafin wata biyu, ko da ƙafa biyu da ƙyar take ɗaukar kanta. A ganina riƙe ta da ƙafa ɗaya wahalar da ita ne kawai. Noila ma tana da nauyi, sai an sa mata ido sosai. Wadda ta rasa yatsa ɗaya ko biyu kuwa, kusan ba ta san ta yi rashi ba.

Idan ƙafa biyu ne suka tafi, ko ruɓa ta hau cinya, ko ta yi kwanaki ba ta ci, ko kuma gidan ba wanda zai iya duba ta safe da yamma, yanka shi ne sauƙinta. Ba abin kunya ba ne. A wasa wuƙa da kyau, a yi da sauri, ba a gaban sauran kaji ba. Wadda aka yanka da sabon rauni, kafin magani da ruɓa, namanta na ci ne. Wadda ciwo ya yi wari a jikinta, ko tana kan magani, a binne ta da zurfi yadda kare ba zai tono ba.

Aikin gida

Ku zagaya tsakar gidanku da bakin ƙofa, ku tattara duk zare, ulu da gashin doki da kuka gani. Ku kama kajinku ɗaya bayan ɗaya da magariba, ku duba yatsunsu da tafinsu. Ku rubuta abin da kuka samu, ku kawo aji.

Tambayoyin bita

1. Ta yaya zare ke kashe yatsan kaza?
2. Kuna da ledar fiya wata uku. Cokalin gishiri nawa za ku zuba?
3. Me ya sa shuɗin magani ke da amfani ga kazar da za ta koma kusa da 'yan'uwanta?
4. Faɗi alamu biyu na ƙafar da ta mutu, da alamu biyu na ruɓar da ke buƙatar likita.
5. Mene ne ƙurjin tafi, kuma me ya sa ya fi haɗari ga mai ƙafa ɗaya?
6. Kaza tana cin giram 110 a rana. Giram nawa za ta ci a kwana 30? Kilo nawa ke nan?
7. Kaza mai giram 1,400 ta koma 1,300. Ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin goma? Nuna lissafinka.
8. Maƙwabciyarki ta ga kajinta uku sun kwanta rana ɗaya, babu rauni a jikin ko ɗaya. Me za ki ce mata?
9. Babur ya take ƙafar buroila mai kilo biyu da rabi yau da safe. Wace shawara za ku yanke, kuma saboda me?